Littafin aikin gidanmu na Ɗanbare

12 ga Nuwamba, 2023

An ƙulla ciniki yau bayan La'asar a ƙofar gidan mai unguwa. Fili ne ƙafa 50 da 75 a Ɗanbare, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso, tsallaken titin Gwarzo daura da sabon mazaunin Jami'ar Bayero. Awon igiya ne, ba awon gwamnati ba. Gona ce ta gado da magada suka yayyanka suna sayarwa, kamar yawancin filayen wannan yanki. Shi ya sa na kafe sai duk magadan sun hallara, har da matan da ke gidajen aurensu, ko su aiko wakili da yawunsu. Dillalin ya so ya nuna fushi, wai babban wansu ya wadatar. Na ce masa, "Malam, la'adarka ba za ta ragu ba don an jira kwana biyu." Shari'o'in fili da yawa da ake ji a kotunan Musulunci na Kano daga nan suke tasowa: babban wa ya sayar, bayan shekara biyar ƙanwa ta ce ba da saninta ba. Kowa ya sa hannu, shaidu sun sa, mai unguwa ya buga hatiminsa, aka yi Fatiha. La'ada kashi biyar cikin ɗari daga gare ni, biyar daga masu sayarwa, yadda aka saba.

Me ya sa Ɗanbare? Aljihu ne ya zaɓa. Tudun Yola da Jambulo sun fi ƙarfin malamin makaranta tun tuni. Rijiyar Zaki ta cika, abin da ya rage a cikinta sai gidan da aka gina a sayar maka da tsada. A nan kuwa har yanzu ana samun fili, kuma jami'a ba za ta tashi daga inda take ba. Tun rusau ɗin watan Yuni, da gwamnati ta rushe gine-ginen tsohon otal ɗin Daula da shagunan filin Idi na Ƙofar Mata da na sansanin alhazai, masu kuɗi suka ɗan ja baya da sayen fili, kowa yana tambayar asalin takarda. Wannan sanyin kasuwa ne ya ba irinmu damar taya fili a saurare mu.

Abu biyu na duba kafin kuɗi su fita. Na farko faɗin layi, ko tifa za ta iya shiga ta juya. Na biyu inda ruwa yake bi. Tun watan Agusta nake zuwa nan idan an ɗauke ruwan sama, in tsaya in ga inda ya kwanta. Filin da aka fara nuna mini ya fi wannan araha, amma na same shi kwaɗi na kuka a ciki.

3 ga Disamba, 2023

An kafa katanga layi huɗu a kewaye, an dasa ginshiƙai a kusurwoyi. Fili marar alama a sabuwar unguwa ba ya rasa mai so. Ko dai maƙwabci ya ɗan matso da nasa ginin, ko a mayar maka da shi juji.

Mun yi 'yar ja-in-ja da maginina. Na ce a ja katangar gaba baya da ƙafa biyu, a bar wa layi. Ya ajiye cokalin gininsa ya ce, "Yallaɓai, kuɗi fa ka sa ka saya. Kowa a nan cin hanya yake, kai kuma kana ba ta." Gaskiyarsa ce a kan abin da kowa ke yi, kuma shi ne ciwon awon igiya. Mai gona ba ya son ya yi asarar ƙasa a kan hanya, sai ya bar lungu siriri. Mai gini ya zo ya fito da dakali, na gabansa ya haƙa shadda a waje, kafin shekara goma motar kashe gobara ba ta shiga, makara ma sai an karkata ta. Gidan da ke irin wannan lungu, ko da tayil aka lulluɓe shi, ba ya daraja a hannun mai saye. Ƙafa biyun nan ba sadaka na yi ba, kasuwanci ne.

Na kai wa wani ƙanen abokina mai zanen gine-gine ya fitar mini da taswira, don a shigar da ita hukumar tsara birni ta KNUPDA. Mutanen layin suna mini dariya, wai wa ke neman izinin gini a Ɗanbare. Takardar mai unguwa shaida ce cewa na saya, ba ita ce mallaka a idon hukuma ba. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma filin birni sai da takardarsa ake cewa an riƙe shi da ƙarfi. Wanda ya ga abin da katafila ta yi a bana bai kamata a sake yi masa wa'azi ba.

20 ga Janairu, 2024

Ruwa. Duk wanda zai gaya maka tsadar gini a Kano ya fara da siminti, amma a wannan unguwa ruwa ne ke cin mutum a ɓoye. Famfon gwamnati bai iso layinmu ba. Matatun Challawa da Tamburawa da Watari suna nan, sai dai birnin ya yi musu nisa da girma. Unguwanni da yawa da suka girme mu da shekara talatin ma ba su ganin ɗigo. Mu dai, 'yan garuwa su ne hukumar ruwanmu. Kura ɗaya ta jarkoki ba ta kai ko'ina idan ana buga bulo, ga hunturu yana shanye danshi kafin ka juya. Bulon da bai sha ruwa ba kuwa, da ka ɗaga shi sai ya marmashe a hannu.

Na daina sayen bulo daga masu bugawa a bakin titi. Buhu ɗaya suke miƙarwa ya haifi bulo fiye da ƙima, ka ƙwanƙwasa ka ji yashi zalla. Na kawo mai injin bugawa cikin filin, ina tsaye ake kwaɓi, mai inci 9 na jikin gini, mai inci 6 na rabe-raben ciki. Wani dattijo da ke bayanmu, wanda ya riga kowa tarewa a layin, ya ba mu izinin jan ruwa daga rijiyarsa da asuba kafin matan gida su tashi. Da na yi masa maganar biya sai ya ce, "Ɗana, ka dai tare mu samu na sahun Asuba." Na aika masa da buhun gero.

Na tambayi masu haƙar burtsatse. Ƙasan Kano dutse ne, sai an dace da tsaga ake samun ruwa mai yawa. A layi ɗaya wani ya samu ya ƙoshi, na kusa da shi ya haƙa ya tashi da ƙura. Sun ce a fara kawo mai awon ƙasa. Na ajiye maganar, ba kuɗinta yanzu.

22 ga Fabrairu, 2024

Aiki ya tsaya cak.

Buhun siminti da muka saya dubu biyar da 'yan kai a ƙarshen bara ya haura naira 10,000. A kasuwar 'yan canji ta Wapa dala ta tasam ma 1,900. Na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa neman rodi mai milimita 12, mai shagon ya faɗi kuɗi, na ce bari in zagaya in dawo, ya ce, "Alhaji, in ka dawo bayan Azahar ban yi maka alkawarin wannan kuɗin ba." Ba wasa yake ba. Wasu ma sun rufe shaguna, sun gwammace kaya su kwana da su sayar su kasa mayarwa. A makon nan ministan ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin siminti na Dangote da BUA da Lafarge, aka ce an daidaita a kan 7,000 zuwa 8,000. Sanarwar ta iso rediyo, ba ta iso shagon da nake saye ba tukuna.

Na kawo wa magini shawarar mu yi ɗakunan baya da tubalin ƙasa, a shafe da siminti, tunda gidan kakanninmu a cikin badala da ƙasa aka yi shi kuma ya fi kowane gidan bulo sanyi a watan Afrilu. Ya ce ginin ba matsala, matsalar ranar da zan sayar ko in sa haya. Mai saye zai ƙwanƙwasa bango, da ya ji ƙasa sai ya taya kuɗin fili kawai. Ban ji daɗin amsar ba, amma haka kasuwar take. Mun rufe bulon da aka buga da ledoji, mun sallami leburori. Azumi na tafe, kuɗin da ke hannu na hatsi ne.

18 ga Afrilu, 2024

Bayan Sallah dala ta sauko sosai, siminti ya ɗan biyo ta, ko da yake bai koma inda ya baro ba. Kayan Najeriya in sun hau ba sa sanin hanyar gida. Mun karɓi adashin uwargida, na haɗa da rancen ƙungiyar taimakon juna ta wurin aiki, wanda ba ruwa a cikinsa, aka haƙa fandisho aka zuba.

Mun sauya tsari. Da farko niyyar ita ce a fara da ɓangaren da za mu zauna. Yanzu za a fara da gaba: shago ɗaya da ɗakuna uku, kowanne da banɗakinsa, na hayar ɗalibai. Ɓangarenmu, ciki biyu da falo da kicin, ya jira a baya. Uwargida ba ta so ba da farko, ta gaji da gidan haya, kuma tana da gaskiya. Amma lissafin a fili yake. Ɗakunan kwanan jami'a ba sa ɗaukar ko kusa da yawan ɗalibanta, ragowar a Ɗanbare da Rimin Gata da Rijiyar Zaki suke neman wuri. Ɗalibi yana biyan shekara a dunƙule, sau da yawa su haɗu biyu ko uku a ɗaki, kuma abin da suke biya a ɗaki ɗaya mai banɗaki ya fi abin da magidanci zai iya bayarwa a ciki da falo. Kuɗin hayar gaba ne zai gina baya.

Wannan lissafin yana da ramukansa. A 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Masu gidaje a nan suna ba da labarin yadda unguwar ta koma kufai: ɗakuna a kulle, masu shayi da masu wanki da masu kwafin takardu suka watse, aka yi ta rigima a kan ko watannin da ɗalibi ba ya nan suna cikin kuɗin haya. Duk wanda ya ci bashi ya gina don ɗalibai ya sha wuya a shekarar. Don haka na ce a yi ɗakunan yadda in ɗalibai sun ɓace, ango da amarya za su iya zama, a bar gurbin da za a fasa ƙofa tsakanin biyu.

Akwai kuma abin da ba na lissafi ba. Limamin masallacin layin ya tare ni bayan Magariba, cikin ladabi, ya ce ya ji za a yi ɗakunan ɗalibai. Damuwarsu kiɗa da dare da shige da ficen da bai dace da tarbiyyar yaran unguwa ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, ni ma a gidan zan zauna da 'ya'yana." Na yi masa alkawarin ƙofar 'yan haya daban, jinsi ɗaya kawai, kuma da sharuɗɗa a rubuce. A raina na san wani abin da bai faɗa ba: duk ɗakin da aka ba ɗalibi, wani mai ƙaramin ƙarfi ne ɗan unguwa ya rasa shi. Masu gadi da leburori da 'yan adaidaita da suka zauna nan tun ana noma wurin, yanzu haya tana tura su gaba, can wajen Janguza da bayanta. Ni ma ina cikin masu turawar, ba sai an gaya mini ba.

9 ga Yuni, 2024

An kai linta. Kafinta ya cire katakon, ba tsaga. Na biya magini jinga, ba yini ba, tun daga fandisho. Aiki ya fi sauri, amma sai ka tsaya a kai don kada sauri ya ci inganci.

An raba masu shan wuta aji-aji, kuma tun Afrilu aka sauya kuɗin wutar. 'Yan rukunin A, waɗanda aka ce za su samu awa 20, an mayar musu da kuɗin kowane ma'auni naira 225 daga 68, daga baya aka ɗan rage. Mu ba ma cikinsu, kuma abin da ake kawo mana ba ya isa a dogara da shi. Na sa mai wayarin ya ja layi biyu tun yanzu, ɗaya na wutar gwamnati, ɗaya siriri na sola don fitila da fanka da cajin waya. Ɗalibi yanzu kafin ya tambayi kuɗin ɗaki sai ya tambayi ruwa da sola. Kowane ɗaki zai samu ƙaramar mitarsa. Rigimar kuɗin wuta ta raba masu gida da 'yan haya fiye da komai.

Ragon layya ya cinye kuɗin rufi. Sai bayan damina.

17 ga Agusta, 2024

Makon farko na watan nan ba wanda ya fita. Zanga-zangar tsadar rayuwa da aka fara ranar 1 ga wata ta rikiɗe a Kano, aka fasa wurare, gwamnati ta sa dokar hana fita. Da aka sassauta na zo na tarar ba a taɓa komai ba, sai dai ruwa ya yi nasa aikin.

Filina bai kwanta da ruwa ba, kamar yadda na auna bara. Amma bara gidaje uku ne a saman layin, bana sun kusa goma, kowanne ya zuba burji ya ɗaga ƙofarsa, ya fito da bututun wanka waje. Ruwan da gona ke shanyewa a da yanzu ba shi da wurin shiga, sai ya biyo layi. Ya yi zaizaya a gindin katangata har ana ganin kankaren fandisho, ya wuce ya shiga gidan wata bazawara a gangare, ya jiƙa mata katifu da buhun masara. Na same ta tana kwashe ruwa da roba, jikokinta suna tsaye a kan benci. Gidanta ya riga namu duka, ba ita ta canza ba, mu muka canza mata.

Wannan ne abin da dillali ba ya faɗa. Kana sayen fili ne a unguwar da ba a gama yin ta ba, kuma yadda za ta kasance ba a hannunka kaɗai yake ba. A awon gwamnati, ko ba a yi kwalta ba, an bar gurbin hanya da magudana da makaranta a takarda. A nan ba wanda ya bar komai. Ba filin makarantar gwamnati a kusa, sai masu zaman kansu a cikin gidajen haya. Ba filin wasa. Maƙabarta ma sai da attajiri ɗaya ya saya ya bayar.

Mun yi taro a masallaci bayan Isha'i. An yi hayaniya. Masu saman layi suka ce su ruwa bai dame su ba. Wani ma'aikacin banki da bai tare ba tukuna ya aiko cewa aikin gwamnati ne, a rubuta wa kansila. Dattijon mai rijiya ya bari kowa ya gama, sannan ya ce shekarunsa a nan ya ga takardu da yawa sun tafi, bai ga wadda ta dawo da siminti ba. Aka yanke kowane mai fili, ya gina ko bai gina ba, zai kawo buhu biyu da bulo, a yi kwata ta gefe ɗaya har zuwa babban kwalbatin bakin titi, aikin ƙarfi kuma gayya ranar Asabar. Aka naɗa ma'aji, aka ce a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a duk Juma'a. Masu kangwaye da filayen da ba a san inda suke ba, mai unguwa ya ɗauki nauyin nemo su ta hannun dillalan da suka sayar musu. Ƙafa biyun da na bari ita ce inda kwatar za ta bi ta gabana ba tare da an fasa komai ba. Gidaje biyu sai an rushe musu dakali, kuma a nan ake tsammanin rigima.

2 ga Nuwamba, 2024

Fiye da mako guda Arewa tana cikin duhu a ƙarshen Oktoba, bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Masu burtsatse na unguwa sun koma janareta, fetur kuma ya haura naira 1,000 lita, sai kuɗin jarka ya tashi. Mai walda da ke mini ƙofofi ya ajiye aiki. Gidajen da ke da burtsatse mai sola su ne suka zama sarakuna, layin jarkoki tun daga ƙofarsu har kwana.

Na zauna na yi lissafin zama a nan, ba na gini ba. Wurin aikina yana cikin gari. Daga Ɗanbare sai ka hau adaidaita zuwa Kabuga, ka sake wata. Gadar ƙasa ta Kabuga ta rage cunkoson da aka sha a da, amma ayyukan gadojin Tal'udu da Ɗan'agundi sun sa ko ta ina ka bi sai ka yi zagaye. Gwamnatin jiha ta sanar da mafi ƙarancin albashi naira 71,000. Mai wannan albashi in ya tare a nan yana aiki a Bompai ko Sabon Gari, kuɗin mota zai cinye abin da ya tsira da shi na arahar haya. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023 nisa ya zama kuɗi. Unguwar ta fi dacewa da wanda rayuwarsa ke wannan ɓangare: ma'aikacin jami'a, mai shago a titin Gwarzo, mai sana'ar da ɗalibai ke ciyar da ita. Uwargida ta riga ta gane wannan, ta ce shagon gaba nata ne, keken ɗinkinta zai shiga, ba za a ba kowa haya ba.

Kwata ta kai rabi. Ɗaya daga masu dakalin ya rushe da hannunsa. Ɗayan ya ce sai dai kotu.

28 ga Disamba, 2024

Dillalin da ya sayar mini ya kira, wai akwai wani ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke son wurin yadda yake, kango ba rufi. Ya ce filin kaɗai yanzu ya kusa ninka abin da na biya. Ya faɗa da murya irin ta mai albishir.

Na yi godiya na ce ba na sayarwa ba ne. Ninkin nan a baki ne. Hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari a hukumance, dalar da ake saya ɗari bakwai da wani abu a kasuwa kafin Yunin 2023 yanzu ta haura 1,600. In na karɓi kuɗin, filin da zan saya da su sai na ƙara nisa, simintin da zan mayar kuwa ba zai kai wanda na zuba ba. Abin da fili ya yi mini shi ne bai bar kuɗina sun narke ba, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. Abokan aikina da suka bar nasu a asusu suna kallo suka zama rabi. 'Yan kasuwa sun san haka, shi ya sa suke zuba kuɗi a ƙasa su kewaye su tafi. A layinmu kaɗai filaye da kangwaye sun fi gidajen da ake kwana ciki. Su ne ke ɗaga farashi, su ne kuma ba sa zuwa gayya, kangonsu ya zama maɓoyar masu shaye-shaye.

In za a tambaye ni inda daraja za ta tashi nan gaba a Ɗanbare, ba zan ce ko'ina ba. Layukan da mota ke shiga, masu kwata, masu kusa da titi, waɗanda suka samu takarda, za su yi gaba. Na cikin lungu za su tsaya inda suke ko da an ce unguwa ta yi tsada. Yanzu ma fili biyu masu girma ɗaya, tsakaninsu tafiyar minti biyar, ana taya ɗaya kusan rabin ɗayan.

Gwamnati ta fito da shirin sabunta takardun mallakar filaye ta hukumar KANGIS, masu tsofaffin takardu suna ta kai nasu. Mu 'yan awon igiya matakinmu na baya ne, sai an auna an shigar da mu taswira tukuna. Na haɗa takardar ciniki da hotuna da zanen mai safiyo na shigar. Amfanin ba tsoron rusau kaɗai ba ne. Shekara da shekaru ana cire mini kashi 2.5 na albashi zuwa asusun gidaje na ƙasa, amma ba a maganar rance da takardar mai unguwa. Ko ba zan ci ba, saboda ruwan da ke kai, 'ya'yana za su gaji abin da ba sai sun tara shaidu ba.

15 ga Fabrairu, 2025

Rufi ya hau ɓangaren gaba. Katako daga 'Yan Katako na Na'ibawa, na sa aka shafe shi da maganin gara kafin a ɗora, don ƙasar nan tsohuwar gona ce, gara ta riga mu zama. Kwano na ɗauki mai kauri duk da tsada. Iskar farkon damina a buɗaɗɗen wuri irin wannan tana naɗe sirin kwano kamar tabarma. An ɗaure katakon da rodin da aka bari a jikin linta, an yi wa bango kafaɗa ta kare gefen gabas.

An shiga wani kango a layin baya an zare wayoyin wuta kaf daga bango. Ni ban sa nawa ba sai da ƙofofi da tagogin ƙarfe suka hau. Kwamitin kwata ya zama kwamitin unguwa ba tare da an yi shawara ba: yanzu shi ke tara kuɗin 'yan sintiri duk wata, shi ya sa fitilun sola uku a kusurwoyin layi saboda masu ƙwacen waya da ke bin ɗalibai in sun dawo karatun dare. Mai dakalin da ya ce sai kotu ya sauko, bayan surukinsa ya sa baki. Kwata ta isa kwalbati.

24 ga Mayu, 2025

Ɗakuna biyu sun kammala, shafe da tayil da silin, na ukun saura fenti. Ban kai ga neman dillali ba, ɗalibai da kansu suke ƙwanƙwasa ƙofa tun ana shafe. Na ba wasu 'yan aji uku su biyu ɗaki ɗaya, ɗayan kuma wani mai digiri na biyu da ke zuwa daga Katsina. An rubuta yarjejeniya, mai unguwa ya sa hannu, kowa ya kawo wanda zai tsaya masa. Na sa sharaɗin yajin aiki a rubuce: in jami'a ta rufe fiye da wata uku, za a raba asarar biyu. Wani mai gidaje a layin gaba ya ce ina ɓata musu kasuwa.

Burtsatse mun haɗa mu huɗu. Mai awo ya nuna gefen filin maƙwabcina na yamma, aka haƙa, aka dace. Sola za ta ja, tanki a sama, bututu zuwa gida huɗu, famfo ɗaya a waje na jama'a safe da yamma. Mun rubuta wa ke da me, da abin da zai faru in ɗayanmu ya sayar da gidansa, don zumuncin yau ba ya ɗaure magajin gobe.

Kuɗin hayar ya tafi kai tsaye Ƙofar Ruwa. An fara ɗora bulo a ɓangarenmu.

12 ga Yuli, 2025

An yi ruwa mai ƙarfi daren Alhamis. Kwata ta ɗauka, sai dai leda da yashi sun toshe ta wajen kwana, ruwa ya ɗan hau layi kafin samari su buɗe. Gidan gangare bai jiƙe ba. An sa yasa duk Asabar ɗin farkon wata har damina ta wuce, kuma za a yi wa masu shaguna magana a kan shara.

Takardar fili shiru tukuna, an ce a koma bayan wata guda. Ɓangarenmu ya kai taga. Mai gidan da muke haya ya aiko cewa zai ƙara kuɗi daga Janairu, don haka uwargida ta ce ko ba silin, ko ba tayil, in dai an rufa an sa ƙofa, za mu tare kafin lokacin. Abin da ke gaba: rodin linta, tifa biyu ta yashi in hanya ta bushe, da haƙa shadda ta biyu a cikin gida. Magini ya tafi ƙauye noma, ya ce sai ya gama maimai zai dawo.